Ranar da Na Kira Golanmu Kwando

Filin ƙwallon garinmu ya girme ni, ya kuma girmi mahaifina. Kakana ya ce a zamaninsu fage ne kawai a bayan gari, inda ake kokawa da dambe in an gama yankan gero. Mutanen Jega su tsaya gefe guda, baƙi daga Aliero da ƙauyukan Maiyama su tsaya ɗaya gefen, makaɗa a tsakiya. Da makarantar boko ta zo aka share wurin, aka kafa sanduna biyu a gabas biyu a yamma, aka ce yara su riƙa buga ƙwallo. Daga baya hukuma ta zagaye shi da katanga, ta sa ƙofar ƙarfe, ta gina matakalar siminti a ɓangaren yamma, ta rufa wa tsakiyarta rumfar kwano domin manya. Sauran jama'a a rana suke tsayawa.

Babu abin da ba a yi a filin nan ba. A nan muka yi fareti muna 'yan makaranta, wasu har su faɗi don yunwa kafin babban baƙo ya iso. Shekarar da ruwa ya kwanta a filin Idi, a nan aka yi salla. An yi wa'azi, an yi wa shanu allura, an tara samari masu son shiga soja an sa su zagaye shi a guje har rabinsu suka zube. Da gulbi ya cika ya ci gidajen bakin fadama, mutanen sun yi makonni a ƙarƙashin rumfar, tukwanensu jere a kan matakala. 'Yan siyasa na kowace jam'iyya sun hau mumbari a can sun yi alkawarin dasa ciyawa. In kuma albasa ta yi yawa har kasuwa ta kasa ɗauka, sai a buɗe ƙofa manyan motoci su shiga a yi lodi a ciki, warin ya yi mako bai fita ba.

Ni makirfo ne ya haɗa ni da filin. Malamin firamare ne ni a makarantar Jega Magaji, kuma Allah ya ba ni baki. Wata rana mai sanarwa bai zo ba aka miƙo mini, ban sake saki ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Aikina in faɗi sunayen 'yan wasa, in gaida manya, in roƙi jama'a su ja da baya daga layi. Amma ba don wannan ake sona ba. Ina iya kallon mutum sau ɗaya in samo masa kalmar da za ta sa fili gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wanda bai taɓa jin taron mutane ya kece da dariya saboda maganarsa ba, ba zai gane daɗin abin ba. Ni dai na fi son sa a kan abinci. Kwamitin wasanni kuma suka naɗa ni sakatare, tunda ni ne mai biro a aljihu.

Golanmu a lokacin mutumin Andarai ne. Ya zo Jega wurin kawunsa yana taya shi ɗinkin buhunan albasa a kasuwa, a nan aka gan shi yana cafe buhun da ya suɓuce daga saman mota, aka ce ya zo ya gwada tsaron raga. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa kamar faifai. Ba shi da safar hannu, ƙasa yake shafawa kafin a fara wasa. Yana da i'ina mai tsanani, kalma ɗaya sai ta tsaya masa a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta miƙe, don haka ya zaɓi yin shiru. Shekara bakwai yana tsare mana raga. 'Yan wasan Aliero sukan ce gara su buga wa katanga, ita ko ba komai tana maido ƙwallo.

Shekarar da abin ya faru mun kai wasan ƙarshe na kofin da ake bugawa tsakanin garuruwan yankinmu, mu da Aliero, a filinmu. Mako guda kafin nan an yi lodin albasa a ciki, ruwa ya sauka motocin ba su fita ba, tayar wata babbar mota ta nutse daidai gaban ragar gabas. Da ƙasa ta bushe sai ta bar kwari mai tauri, ƙura ta rufe shi, in ba ka taka ba ba za ka san da shi ba.

Da safiyar ranar wasan golanmu ya same ni a ƙofar gida ina goge rigar da zan sa. Ya gaishe ni, ya tsuguna.

"Malam, ga-gaban raga," ya ce. "Ra-rami."

"Rami? Wane irin rami?"

"A sa ya… ya…"

"A sa yara su share? Ai an share tun jiya."

Ya girgiza kai. Ya runtse ido, ya dafe gwiwa, da ƙyar kalmar ta fito.

"Yashi."

Na gane sarai. Na ce masa na ji, za a zuba kafin azahar, ya tafi ya huta. Ya yi godiya ya tashi. Daga nan na tafi neman batirin lasifika, na tsaya hira wurin mai shayi, na dawo na yi wanka. Amalanke ɗaya na yashi ya isa, kuma ga masu amalanken shanu nan a bakin gulbi, magana ɗaya zan yi. Ban yi ba. Ba mantuwa ce gaba ɗaya ba, na tuna sau ɗaya wajen azahar na ce a raina ai ƙwallo ba ta san da rami ba.

Ban taɓa ganin filin ya cika kamar ranar ba. Mutanen Aliero sun zo cikin motocin albasa, har kan katanga mutane ne. Bayan hutun rabin lokaci golanmu ya koma ragar gabas. 'Yan Aliero sun fi mu ƙarfi a ranar, kowa ya gani, shi kaɗai ya hana su. Ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, akwai wadda ya kwanta a ƙafar ɗan wasa ya ƙwace har aka taka masa yatsu. Saura kaɗan a tashi babu ci, sai wani ɗan bayansu ya ɗirko ƙwallo daga nesa, bugun gajiya, marar ƙarfi. Golanmu ya durƙusa ya buɗe hannu yana jiranta. Ta zo ta daki gefen ramin, ƙura ta tashi, ta karkace ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa, ta gangara a hankali ta shiga.

Daga inda nake a ƙarƙashin rumfa na ga ƙurar. Na san abin da ya faru, kuma ban da shi ni kaɗai na sani.

Ɓangarenmu ya yi tsit. Irin shirun nan da ke zuwa kafin a fara neman mai laifi. Makirfo na hannuna. Na kai shi baki na ce:

"Jama'a ku yi haƙuri. Mun ɗauka gola munka aje bakin raga, ashe kwando na."

'Yan Aliero suka fara dariya, sannan namu suka karɓa. Kafin alƙalin wasa ya busa usur na tashi, fili gaba ɗaya kalma ɗaya yake rerawa, ana tafi ana buga ƙafa. Akwai tsofaffin kwandunan albasa da masu lodi suka bari a gindin katanga. Samari suka ɗauko ɗaya suka ruga cikin fili, suka kifa masa a ka har kafaɗa, biyu suka riƙe masa hannu suka fara zagaye fili da shi, wani yana bin su yana dukan kwandon kamar ganga. Bai yi kokawa da su ba, ga shi da ƙarfin da zai watsar da su duka. Tafiya kawai yake yi inda aka ja shi, yana tuntuɓe.

Da suka zo wucewa ta gaban rumfa na ce, "A hankali da shi, kada ya ɓalle, gobe akwai kasuwa."

Har manyan da ke kan kujeru sai da suka riƙe ciki. Da aka cire kwandon tsinke ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya goge da rigarsa, ya je bayan raga ya ɗauki takalmansa, ya fita ta ƙofa shi kaɗai.

Matarsa 'yar Aliero ce. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka cewa da gangan ya saki ƙwallon don ya faranta wa surukansa. Kwamiti ya zauna a ɗakin ajiyar kaya da ke ƙarƙashin matakala, aka kira shi. Shugaban kwamiti ya ce ya faɗi abin da ya faru. Ya tsaya a bakin ƙofa, girarsa a kumbure, ya dube ni. Na sunkuyar da kai kan takarda. Ya buɗe baki ya fara, "Ya… ya…" Wani ya ce, "Yayanka ne ya ce ka saki?" Aka yi dariya. Ya rufe bakinsa bai sake buɗewa ba. Shugaba ya tambaya ko akwai mai wani bayani. Na ce babu. Da hannuna na rubuta cewa kwamiti ya sallame shi.

Sunan ya bi shi. A kasuwa in yana ɗinkin buhu sai a ajiye masa kwando a gabansa a wuce. Matarsa in ta je biki a ce ga matar Kwando. Bai yi shekara ba ya kwashe iyalinsa ya koma Andarai ya kama noman albasa a fadamar mahaifinsa. Ni kuwa sunana ya ƙara fita. Har bukukuwan makarantu a Maiyama ake gayyatata in riƙe makirfo, kuma duk inda na je sai an roƙe ni in sake ba da labarin kwando. Na iya kwaikwayon yadda ya durƙusa, na iya kwaikwayon i'inarsa.

An yi shekara goma sha biyar ko fi ban gan shi ba. Sai tsohon mai gadin filin ya rasu, shi kuma golan tsutsa ta cinye masa albasa shekara biyu a jere, wani ɗan uwansa ya nema masa aikin. Ya dawo shi kaɗai, aka ba shi ɗan ɗakin da ke jikin ƙofa. Furfura ta fara fito masa, tabon yana nan a gira. Kullum da safe sai ya ɗauki bokiti ya je bakin gulbi ya ɗebo yashi, ya bi filin yana cike ramuka yana dannawa da ƙafa. Ba wanda ya sa shi. In na zo zai ce, "Malam, ina kwana," in amsa, shi ke nan. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma na ɗauka ta wuce. Ranar wasa in ana son a buɗe wa motar wani babba, ta lasifika nake cewa, "Kwando, a buɗe ƙofa." Matasan da aka haifa bayan wancan wasan sun ɗauka sunansa na yanka ke nan.

Sai lokacin zaɓe ya zo, wani Alhaji mai neman kujera ya sa kofi. Ranar buɗe gasar an kafa tutoci, an kawo makaɗa, an cika fili da magoya baya. Tsarin shi ne Alhaji ya taɓa ƙwallo a tsakiyar fili a ɗauki hoto. Ni ne na ga abin bai yi armashi ba. Na je na durƙusa gefen kujerarsa na ce:

"Ranka ya daɗe, mi zai hana ka buga fenariti? Akwai wani tsohon gola nan, ko makaho ya buga mai sai ta shiga. Jama'a za su ji daɗi."

Alhaji ya ce a kawo shi. Aka je aka kira shi daga bakin ƙofa, aka zura masa wata tsohuwar rigar ƙwallo a kan kayan aikinsa, ba ta ko rufe masa ciki ba. Kafin ya iso raga na ba jama'a labarin daga farko, don yara su sani. Fili ya ɗauki waƙar kamar jiya aka bar ta. Na bi shi har bakin raga, na kashe makirfo na ce masa a kunne, "Ka bari ta shiga. Wasa na."

Ya sunkuya ya shafa ƙasa a hannu.

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya cire takalmi, ya ja baya. Ashe ya taɓa buga ƙwallo da ƙuruciya, bugun ya yi kyau, ƙasa-ƙasa wajen sandar hagu. Mutumin da ya haura hamsin ya miƙe a iska ya faɗi da ƙwallon a ƙirjinsa.

Ihun da aka yi ba na dariya ba ne. Tsofaffin da suka san shi a da suka miƙe tsaye a kan matakala. Ya tashi a hankali yana riƙe da ƙwallon, ƙura a rabin fuskarsa, ya duba matakalar. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ya gangaro wa Alhaji ƙwallon da ladabi.

Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya ce a sake. Wannan karon dama ya buga, da ƙarfi. Golan ya doke ta da hannu ɗaya ta fita waje. Yanzu dariya ta juya. Wani daga kan katanga ya ɗaga murya ya ce, "Ka kasa cin Kwando, zaɓe za ka ci?" Maganar ta zagaye fili kafin ka ƙifta ido.

Wani na hannun daman Alhaji ya zo ya kama ni a damtse. "Malam, kai ka haɗa wanga abu. Kai za ka gyara shi, yanzu."

Na kunna makirfo. Na ce alƙali ya ga gola yana motsawa kafin a buga, doka ta hana, don haka za a sake, kuma tunda tsufa ya sa ƙafarsa rawa, a samu masu taimaka masa ya tsaya wuri ɗaya. Ni raha nake nufi, ko haka nake gaya wa kaina. 'Yan bangar Alhaji biyu suka ruga suka kama hannuwansa, ɗaya dama ɗaya hagu, suka buɗe shi kamar an shanya fata. Wani ya matso da ƙwallon kusa. Alhaji ya riga ya fusata, bai nemi gefe ba, ya ɗirka ta tsakiya iya ƙarfinsa. Ta same shi a baki. Kansa ya koma baya, ƙwallon ta faɗo gabansa ta tsaya. Ɗaya daga cikin masu riƙon ya sa dunduniya ya tura ta cikin raga.

"Ta shiga!" na ce. "Ta shiga! Alhaji ya ci!"

Makaɗa suka saki kiɗa, aka ɗaga Alhaji sama. Da suka saki golan ya zauna a ƙasa ya tofar da jini, ya duba abin da ya faɗo a tafin hannunsa, haƙori ne. Ya jefar. Yana nan zaune har aka gama jawabi. Da Alhaji ya tashi tafiya motoci suka yi layi suna oda, ƙofa a rufe. Sai ya miƙe, da rigar ƙwallon a jikinsa duk jini, ya je ya buɗe musu.

Cikin makon aka ce ya raina babban baƙo a gaban jama'a, a sallame shi. Shugaban kwamiti ya ce in rubuta takardar. Na rubuta, na kai masa har ɗakinsa. Leɓensa a kumbure yake. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ya sa a aljihu, ya miƙo mini makullin ƙofa. Washegari ya hau mota ya koma Andarai.

Bayan wasu shekaru ni ma aka karɓe makirfon. Yara masu saka waƙa ta waya suka zo, ba wanda ya sallame ni, an dai daina aiko mini. Na yi ritaya daga koyarwa. Filin yana nan, katangar kudu ta zube an toshe da langa-langa, samari sun fi son su biya su kalli ƙwallon Turai a gidan kallo. Amma ana buga wasa jefi-jefi, ɗaliban jami'a daga Aliero sukan zo, da rana kuma masu koyon mota ne ke zagaye shi.

Bara 'ya'yana suka haɗu suka biya mini kujerar Makka. A wurin bita malami ya ce duk wanda ya san ya zalunci wani ya je ya nemi gafara kafin ya hau jirgi, don Allah ba ya yafe haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na shiga mota zuwa Maiyama, na hau kabu-kabu zuwa Andarai.

A fadama na same shi da hantsi, yana ban ruwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Ya tsufa ƙwarai, bayansa ya ranƙwafa. Na yi sallama ya amsa, bai bar aikin ba. Babu inuwa, babu wurin zama. Na tsaya a kan kunya na faɗi komai. Na ce ranar wasan ya zo ya gaya mini a zuba yashi ban zuba ba. Na ce na ga ƙurar da idona. Na ce na yi shiru a gaban kwamiti, na ce ni na kai wa Alhaji shawarar fenariti. Na roƙe shi don Allah ya yafe mini.

Ya toshe ruwan da ƙasa, ya dogara da fartanya. Maganarsa ta ɗauki lokaci kafin ta fito duka, amma ga abin da ya ce.

"An ce Makka za ka."

Na ce haka ne.

"Shi ya sa ka zo."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Malam, can da lasifika ka faɗa. Nan kuma ka zo ka faɗa cikin albasa, ni da kai. Ka koma filin ka faɗa da lasifika, sannan ka dawo mu yi magana."

Na ce ai yanzu ba ni ke riƙe da makirfo ba.

"Ka ara," ya ce. Ya juya ya buɗe wa ruwa hanya.

Babban ɗansa, magidanci mai gemu, yana gefe wurin injin ban ruwa, ya ji komai. Ya ce zai kai ni bakin titi a babur. Muna tafiya ya ce, "Baba, ka san na yi makarantarku a Jega Magaji? Aji huɗu na tsaya. Kullum sai an zana mini kwando a allo kafin in shigo. Ajinka na jikin namu, ina jin dariyarka ta bango." Muka kai wani wuri babu gida babu bishiya, titi bai ko fara bayyana ba, ya tsaya.

"Baba, nan zan aje ka. Injin na jirana."

Na sauka. Ya juya babur ya tafi. Da ƙafa na ƙarasa, rana a tsaka, da ciwon gwiwa, sai bayan azahar na isa titi.

Juma'ar da ta biyo baya akwai wasa, namu da ɗaliban Aliero. Na sa riga mai kyau na tafi. Mutane ba su kai na da ba, amma matakala ta cika. Da aka tafi hutun rabin lokaci na je wurin saurayin da ke riƙe da makirfo na ce ya ara mini minti biyu. Ya san ni, ya miƙo da girmamawa. Na tsara abin da zan faɗa tun a gida, na maimaita shi a hanya. Na yi sallama. Tsofaffi suka gane muryata, aka fara tafi, wani ya ce, "Malam ya dawo!"

Na ce, "Jama'a, ko kun tuna golanmu na da, mutumin Andarai?"

"Kwando!" in ji matakala gaba ɗaya. Dariya ta tashi, ta bi ta kan katanga, har 'yan wasan da ke shan ruwa suka juyo. Shekaru nawa rabona da jin wannan. Na tsaya ina jira ta lafa in ci gaba. Da ta lafa kowa ya zuba mini ido, bakinsu a buɗe, suna jiran ta gaba.

Na ce, "To yana gaishe ku. Ya ce in golan yau ya gaji, a aika mai, har yanzu bai ɓalle ba."

Aka sake fashewa. Na miƙa wa saurayin makirfonsa, na zauna na kalli sauran wasan. Mun ci ɗaya.

Na tafi Makka na dawo lafiya, yanzu Alhaji ake kirana. Shi kuwa golan yana nan da ransa a Andarai. Sau biyu na ba wani dillalin albasa dabino da zamzam ya kai masa. Na farko dillalin ya ce ya ajiye a ƙofar gida bai same shi ba. Na biyun ya dawo mini da su a cikin ledarsu, ya ce mutumin ya ce in ba jikokina.